Littafin horon Barde: kare matsoraci da aikin taimako

4 ga Fabrairu, 2024

Malamar da ke duba mana horon ce ta matsa sai na riƙa rubutawa. Ta ce mai kare ba ya tuna ranar da karensa ya ba shi kunya, ranar da ya fid da shi kunya kaɗai ke zama masa a kai, don haka a bar wa takarda shaida. To, ga shi na fara.

Yau Barde yake cika wata 11. Ruwa biyu ne: uwarsa irin karnukan da ake kira Labrador ce, uban kuwa ko mai uwar bai san shi ba. Yaya ce ta raɗa masa sunan tun ranar da muka kawo shi, kafin mu san halinsa. Yanzu duk baƙon da ya ga yadda yake shigewa ƙarƙashin gado don an yar da cokali sai ya tuntsire da dariya, ya ce wannan suna ya fi ƙarfin mai shi.

Shekara uku ke nan Yaya tana kan keken guragu, tun bayan haɗarin mota, hannunta na hagu kuma bai dawo da ƙarfinsa ba. Abin da mai lafiya ba ya ko lura ya yi, wato ya sunkuya ya ɗauki abu a ƙasa, shi ya fi ci mata rai. Akwai ranar da na dawo na tarar wayarta ta faɗi tun hantsi, tana kallonta tana ta ƙara, kira takwas, ba halin ɗauka. A ranar muka fara maganar kare. Muna son Barde ya riƙa ɗauko mata abin da ya faɗi, ya ja mata ƙofa, ya je ya kira mutum in tana bukata, sannan ya raka ta asibiti da wurin aiki da duk inda ta nufa. Aikin ba sabo ba ne. Tun 1975 wata mata, Bonnie Bergin, ta kafa ƙungiyar Canine Companions a Kalifoniya ta Amurka don horar da karnuka su taimaki masu keke. Sai dai su tun daga iyaye suke zaɓar karen, mu kuwa wanda muka samu a hannu shi muke son ya zama.

A cikin gida ba ni da ta cewa a kansa. Kwana biyu ya ɗauka ya gane "ɗauko". Da an buɗe ƙofar waje kuwa, sai ka rantse an musanya shi da wani.

11 ga Fabrairu

Malama ta zo gwaji da wata jaka. Na zaci wasu kayan horo ne na musamman, ashe laima ce, da gwangwani mai tsakuwa a ciki, da farantin ƙarfe, da wata faffaɗar hula. Ta kuma zo da nata karen, wani dattijo mai furfura a baki.

Da nata ta fara. Tana tafe da shi ta sa na buɗe laimar farat ɗaya a gabansu. Ya zabura, ya yi tsalle gefe. Har na fara murna a raina, ashe na ƙwararru ma suna tsoro. Kafin in gama tunanin ya dawo ya sa hanci yana sansanar laimar, wutsiya tana kaɗawa. Ta nuna mini agogon wayarta: sakan 2.

"Malam, ni ba firgita nake aunawa ba," in ji ta. "Duk kare mai rai da kunne zai firgita. Wanda bai firgita ba ma sai in ce a duba ko kurma ne. Dawowar nake aunawa."

Aka zo kan Barde. Daga nesa aka buɗe masa, wajen mita biyar. Ya fizge igiyar daga hannuna, ya shige bayan kujera, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Ta hana ni kiransa, ta hana ni jawo shi. Aka ajiye laimar a ƙasa, muka zauna muna hira kamar ba abin da ya faru. Minti 3 da sakan 40 kafin ya leƙo, kuma ko da ya fito bango ya riƙa bi yana zagaye ɗakin, bai kusanci laimar ba har ta tafi. Farantin ƙarfe da aka saki a ƙasa: minti 5, kuma ya ƙi karɓar nama daga hannuna. Da ta sa hular ta tunkaro shi sai ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin wannan murya daga bakinsa ba.

Ta bar mana takardar tambayoyi mai suna C-BARQ, wadda James Serpell na jami'ar Fensilbaniya da Yuying Hsu suka fitar a 2003. Tambaya wajen ɗari ce, kowacce ka ba kare maki daga 0 zuwa 4. Ta ce ni da Yaya kowa ya cika tasa, ban da satar amsa. Da muka haɗa, a wajen tsoron ƙara da baƙin abubuwa ni 2 na ba shi, Yaya ta ba shi 4.

Na ce, "Haba Yaya, 4 ai ta yi yawa."

Ta ce, "Auta, kai da yamma kake ganinsa, ni nake wuni da shi. Ka taɓa ganin yadda yake yi in motar shara ta wuce?"

Ban taɓa ba.

18 ga Fabrairu

Na kira mutumin da ya ba mu shi don in ji labarin ƙuruciyarsa. Bai ɓoye mini komai ba, domin shi bai ga laifi a ciki ba. Su shida aka haifa, a wani keji a bayan gida, kuma a nan suka zauna har wata biyar. Abinci da ruwa ba su taɓa yankewa ba, allurar rigakafi ma an yi musu. Amma mutum ɗaya suka sani a duniya, mai kai musu abincin. Ba su taɓa ganin yaro ba, ba su taka titi ba, mota kuwa sai ranar da muka ɗauko shi ya fara shiga.

Waɗannan makonnin da ya yi a keji su ne masu tsada. John Paul Scott da John Fuller sun yi shekara 13 suna bin diddigin 'yan kwikwiyo a cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine, suka fitar da sakamakon a 1965. Abin da suka gano, daga wajen mako 3 zuwa mako 12 ɗan kwikwiyo yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin da aka saba. Daga nan tsoro yake rinjayar son sani. A wani gwaji da aka buga a 1961, an bar 'yan kwikwiyo a fili da iyayensu mata ba tare da hannun mutum ba. Waɗanda aka fara mu'amala da su a mako na biyar ko na bakwai sun sake da mutane. Waɗanda aka bari har mako 14 sun zama tamkar na daji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa sai da ya fara bushewa ya zo hannunmu.

Kafin in kashe waya na tambaye shi halin uwar. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai in aka yi tsawa sai mun fita nemanta." Wannan ta fi ta kejin tayar mini da hankali. A farkon shekarun 1980 wasu masana biyu a Ostireliya, Goddard da Beilharz, sun duba karnukan da ake horarwa don ja-gorancin makafi, suka ga tsoro ne babban abin da ke sa a cire kare daga horo, kuma gado yana da kaso mai tsoka a cikinsa. Ke nan Barde ya haɗa biyu, ya gada kuma bai samu sabo ba. Ban gaya wa Yaya maganar uwar ba tukuna.

2 ga Maris

Malama ta ce kafin a ɗora wa hali laifi a fara duba jiki. Akwai binciken da aka yi a jami'ar Lincoln ta Ingila a 2018 da ya nuna wasu karnukan da ke tsoron ƙara ciwo ne a gaɓoɓinsu: ƙarar ta sa su zabura, zaburar ta taɓa wurin ciwon, sai su haɗa biyun. Likitan dabbobi ya lallatsa ƙugu da gwiwoyi da baya, lafiya lau. Nauyi kilo 27. A kunnen dama ya sami ɗan kumburi, ya ba mu maganin ɗigawa na kwana goma.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kumburin nan. Na ce shi ke nan, an gano bakin zaren. Kunne ya warke tas. Jiya murfin tukunya ya faɗi, ya yi minti huɗu a ƙarƙashin gado.

17 ga Maris

Mako biyu ke nan da fara aikin sabarwa. Dabarar tsohuwa ce, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya tsara ta a shekarun 1950, kuma abin dariya, a kan kyanwoyi ya fara gwadawa kafin mutane. Ana nemo nisan da kare yake ganin abin tsoron amma hankalinsa bai tashi ba, a tsaya a nan, duk lokacin da abin ya bayyana a ba shi abin da ya fi so. In ya saba, a ɗan matsa.

Mun sami wani benci mai nisan mita 60 daga babban titi. Minti goma safe, minti goma yamma. Ma'aunina bakinsa ne. In ya karɓi naman da laushi, muna daidai. In ya fizga har haƙori ya taɓa yatsana, mun matso da yawa. In ya kau da kai gaba ɗaya, an wuce gona da iri, sai mu tattara mu ja baya.

A makon farko na tafka kuskure. Da na hango babbar mota tafe sai in yi sauri in sa hannu a jakar nama tun kafin shi ya gan ta, wai don in riga tsoron isa. Kwana huɗu da haka sai na lura, da na taɓa jakar sai ya miƙe yana waige-waige, yana neman ta ina masifar za ta ɓullo. Ashe na mai da naman ƙararrawar gargaɗi. Malama ta ce mota ce za ta fara zuwa, ya gan ta da idonsa, sannan nama ya biyo baya, har ya zama mota ce ke yi masa albishir. Ɗan wannan sauyi ya ci mana mako guda kafin ya manta.

7 ga Afrilu

Mita 40. Babbar mota ta wuce, ya kalle ta, ya juyo ya kalle ni yana jiran rabonsa. Babur har yanzu sai a hankali. Yara masu gudu ma haka.

21 ga Afrilu

Mita 25. A gida kuwa sai sambarka. Yana ɗauko waya da makulli da biro, kuma yana bambance su da suna. Na ɗaura igiya a marikin ƙofar ɗakin Yaya, yana ja ya buɗe, yana turawa da hanci ya rufe. Makulli ne ya ɗan ba mu wahala, ba ya son ƙarfe a bakinsa, sai da na ɗaura masa guntun fata. An ce in ka ga kare yana sansanar takalmi ɗauka zai yi. Barde ba ya ma tsayawa sansana. Jiya takalmin baƙo ya kai wa Yaya har cinya, ya zauna yana jiran a yaba.

Na tambayi Malama ko mu fara shiga da shi cikin jama'a. Ta ce a'a, ba yanzu ba.

12 ga Mayu

Ban ji maganarta ba. Yaya tana da ganin likita a makon nan, na ce tunda ya kai mita 15 a bakin titi, bari a gwada. Na nemi izinin asibitin aka ba ni, na sa masa rigar da aka rubuta yana koyon aiki.

Ƙofa mai buɗe kanta, ya ja baya, na ɗan ja igiya ya shiga. Daɓen tayil mai santsi, ya riƙa tafiya kamar mai taka ƙwai. Lif, ya lafe a lungu. Aka turo gadon marar lafiya yana ƙara ta gefenmu. Amma da muka isa wurin jira sai ya kwanta a gefen keken Yaya, minti 40 cur, ko motsi bai yi ba. Wata dattijuwa da ke kusa da mu ta ce, "Kai, wannan kare akwai tarbiyya." Kaina ya yi girma. Na ɗauki bidiyo na tura wa Malama, na rubuta mata cewa ga matsoracin nata.

Ba ta rubuto amsa ba, kira ta yi.

"Malam, kashe sautin ka sake kallo. Kada ka kalle shi gaba ɗaya. Bi shi gaɓa-gaɓa, ka faɗa mini abin da ka gani."

Na bi. Kunnuwa a manne da ƙeya. Baki a rufe gam, can sai ya buɗe yana haki alhali wurin akwai sanyi. Yana lasar leɓe, yana hamma, ba kuma barci yake ji ba. Kai a ƙasa, ido kaɗai ke yawo har farin yana fitowa. Ƙafafun baya a naɗe ƙarƙashin ciki, irin kwanciyar wanda ke shirin tashi da gudu. Ta ce in tsayar da bidiyon daidai inda ya miƙe za mu tafi, in dubi tayil. Sawun ƙafarsa huɗu, jiƙe. Ta tafin ƙafa kare yake zufa.

"Ka ba shi nama a wurin?"

"Na ba shi."

"Ya karɓa?"

Na yi shiru.

Ta ce karen da ya natsu kwanciya yake a kan ƙugu ɗaya, ya saki jiki, ya sauke numfashi, har gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wannan kuwa sandarewa ce. Ya duba gabas ya duba yamma, ba hanyar gudu, igiya a wuya, sai ya ƙame yana jiran abin ya wuce. Ta ba ni labarin gwajin Martin Seligman da Steven Maier na 1967, inda karnukan da aka jona wa lantarki ba tare da hanyar tsira ba, daga baya ko an buɗe musu hanyar sai su kwanta su haƙura. Ta ce ba tana nufin Barde ya kai can ba, amma in aka ci gaba da kai shi inda ba ya iya ɗauka ana yaba masa shirun, hanyar ke nan.

Abin da ya fi yi mini ciwo, ni da dattijuwar nan abu ɗaya muka gani, ita ba ta san shi ba, ni kuwa wata tara ina tare da shi. Na ga abin da nake son gani ne. Kare mai haushi da fizge-fizge kowa ya san yana cikin damuwa. Mai shiru shi ake zalunta da yabo.

Daren nan bai ci abinci ba. Da asuba zawo.

26 ga Mayu

Kwana uku ya yi ba ya yarda ya fita ƙofar gida. Tsoro taruwa yake kamar ɗigon ruwa a kwano: ƙofa, tayil, lif, gado, kowanne shi kaɗai da ya iya shanyewa, amma na jera masa su cikin rabin awa, kuma jiki ba ya hucewa a wuni ɗaya. Mun koma benci, mita 60, inda muka fara a Maris. Ko rigar aikin ya gani sai ya bar ɗakin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

16 ga Yuni

Mun dawo mita 20, kuma da sauri fiye da karon farko, wannan na rubuta shi a gefen riba. Sai muka fara gwada tafiya a gefen keke a wani layi marar hayaniya. Igiya biyu: gajera a hannun Yaya, doguwa a nawa ina biye.

Kwana biyar lafiya. A na shida wasu masu sauke kaya suka saki ƙofar bayan motarsu, ƙarfe ya daki ƙarfe. Barde ya yi kukan kura zuwa hagu. Igiyar tana naɗe a wuyan hannun Yaya, hannun da ba ƙarfi. Na ga tayar dama ta ɗaga daga ƙasa. Da doguwar igiyar na tare shi, da ɗaya hannun na danne keken. Duka abin bai kai sakan uku ba.

Har muka isa gida ba ta ce uffan ba. Sai da na duba mata hannun, igiya ta yi mata shata, sannan ta ce, "Auta, zauna. Ran da za a ce an gama horon nan, wa zai riƙe igiya?"

"Ke, Yaya."

"Kai kana ina?"

"Ina wurin aiki."

"To. Ni na nemi wanda zai kula da ni a hanya. In na fita da Barde, ni ce ke kula da shi. Idona yana kan kunnensa, ba ya kan titi."

Ban da amsa. Na kuma gaya mata maganar uwarsa da na ɓoye tun Fabrairu. Ta ce ai ta daɗe da zargin haka.

Akwai wani abin da na kwana ina juyawa. Kare in ya tsorata hanya uku gare shi: ya gudu, ya sandare, ko ya kai cizo. Karen taimako a ɗaure yake da mai shi, ta farko a toshe take. A wurin jama'a kuwa dole wata rana yaro ya rugo ya rungume shi ta baya, ko wani ya taka masa wutsiya a cunkoso, komai abin da aka rubuta a rigarsa. Na tuna gurnanin hular nan. Ban ce Barde zai ciji kowa ba, bai taɓa ba. Amma ban isa in yi rantsuwa a kai ba, kuma aikin yana bukatar karen da za a iya rantsuwa a kansa.

Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, wadda ake yawan kafa misali da ita, ta yarda mutum ya horar da karensa da kansa, ba ta kuma neman wata takardar shaida. Lokacin da na karanta haka murna na yi, ban ƙarasa ba. Can gaba ta ce in kare ya fita daga ikon mai shi, masu wuri suna da damar cewa a fitar da shi.

14 ga Yuli

Gwaji na biyu. Na je da ƙwarin gwiwa, domin littafina ya nuna mun haura awa 140. Ƙungiyar masu amfani da karnukan taimako ta duniya, IAADP, mafi ƙarancin da ta gindaya awa 120 ne cikin wata shida ko fiye, 30 daga ciki a wuraren jama'a.

A falonmu, da laimar nan ta Fabrairu: sakan 25, har ya je ya sansana ta. Farantin ƙarfe: sakan 40, kuma ya karɓi nama. Daga minti 5 zuwa sakan 40! Na kalli Malama ina jiran ta ce wani abu. Ta ce mu shiga mota.

Ta kai mu wani fili da bai taɓa zuwa ba. Wani mutum da bai sani ba ya buɗe wata laimar daban, ja. Minti 2 da sakan 50 yana bayan ƙafafuna yana karkarwa. Aka gangaro da akwatin tafiya mai taya a kan tsakuwa, abin da ba mu taɓa gwadawa ba: ta dakatar da agogo a minti 4, ta ce ya isa haka, kada a wahalar da shi.

"Waccan laimar ya daina tsoro," in ji ta, "a cikin wancan falon. Ka yi aiki, kuma ya amfane shi. Amma duniya ba za ta ƙare da abubuwan da ka sabar masa ba. Za ka bi su ɗaya-ɗaya har yaushe?"

A nan na gane inda lissafina ya karkace. Na ɗauka jarumtaka darasi ce kamar "ɗauko", in an maimaita sau ɗari ta zauna. Ayyukan su ne ɓangare mai sauƙi, kusan duk kare mai son nama zai koya. Abin da ba na iya koyarwa shi ne yadda zai karɓi abin da bai taɓa gani ba, kuma shi ne ainihin aikin a waje. Akwai kare mai taka-tsantsan, wanda zai tsaya ya duba, ya ja baya taku ɗaya, sannan ya je da kansa ya bincika. Irin wannan, musamman in yana ƙarami, ni a ganina a ba shi dama. Wanda kuwa yake wata 16, an yi wata biyar ana aiki da shi kullum, har yanzu baƙon abu yana ɗauke masa hankali na mintoci, a tilasta masa rakiya cikin jama'a zalunci ne a kansa, ganganci ne kuma da ran mai keken.

Ta ce kada in ɗauka wani abin kunya ne. A wani bincike na jami'ar Helsinki ta Finlan a 2020, a kan karnukan gida sama da 13,700, kusan kashi 32 cikin ɗari suna da tsoron ƙara. Manyan makarantun horar da karnukan taimako ma, da suke zaɓar iyaye suna renon 'yan kwikwiyo tun daga haihuwa, wajen rabin karnukansu ba sa kammalawa. Ba sa cewa kare ya faɗi, cewa suke ya sauya sana'a.

Mun yanke shawara mu uku: an cire Barde daga horon fita cikin jama'a. Aikin gida yana nan. Benci ma yana nan, don ya ji daɗin rayuwarsa, ya iya zuwa wurin likita ba tare da zawo ba. Likitan dabbobin ya ambaci fluoxetine, wani maganin rage fargaba, in tsoron ƙarar ya ƙaru, ya ce yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. In don sauƙin kansa ne zan yarda. In don a samu a tura shi lif ne, a'a.

4 ga Agusta

Na ninke rigar aikin na sa a ƙasan akwati. Tun da aka daina shirin fita da shi sai ya ƙara sakewa, ko kuwa ni ne na daina matsa masa, oho.

Sabon aiki biyu. "Kira Auta": Yaya ta faɗa, ya rugo ɗakina ya dafa ni da ƙafa, ya koma, in ban biyo shi ba ya sake dawowa. Cikin gwaji 20 ya yi 18 daidai. Biyun da ya kuskure, ɗaya injin wanki yana juyawa ne a hanya, ya ƙi wucewa, sai mun yi aiki a kan wannan. Aiki na biyu cire safa. Yana cirewa, amma ya ɗauka ladan aikin shi ne safar, mun yi asarar ƙafa uku.

Yaya ba ta son maganar wani kare. Ta ce Barde zai ji haushi, kuma shekara biyu ta horo ba wasa ba ce. Na ce a dai duba, dubawa ba ɗauka ba ce. Malama ta san wata karya Labrador da ta haihu mako uku da suka wuce, a cikin falo take renon 'ya'yan, gidan da yara da hayaniya. Ta ce kafin mu kalli ko ɗaya daga cikinsu, uwar za mu fara gani, a fito da ita waje ita kaɗai. Jibi za mu je. Ta ce in taho da laimar.